Katakon Ƙarƙashin Gadon Inna

Ribas ake ce masa a wurin aiki, sunan ya bi shi har gida, har yayarsa ma in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa. Ya same shi ne saboda iya ja da baya. Babbar a-kori-kura yake tuƙawa, irin mai tayoyi bibbiyu a baya, tana jan doguwar tirela rufaffiya wadda direbobi ke kira akwati. A cikin akwatin nan ake ɗaukar motocin masu hali, waɗanda ba a so rana ta taɓa fentinsu ko tsakuwa ta daki gilashinsu. Mota dai an ƙera ta ne don ta yi tafiya, amma su tasu goya ta ake yi kamar jaririya daga wannan gari zuwa wancan. Mai goyon kuwa ko oho, in bayansa ya tsage shi ya sani.

Yana ƙarami ubansu ya rasu. Da keken ɗinki Inna ta raine su, shi da yayarsa, har idonta ya soma gazawa. Ya fara da wankin mota a gareji, ya koyi tuƙi a motocin mutane, ya shiga kamfanin nan da baƙin gashi, ga shi yanzu furfura ta cika masa gemu. Ya taɓa aure. Matar ta gaji da zaman jiran mutumin da rabin ransa ke kan titi, ta tafi, ba wanda ya ga laifinta. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama cikin motocin da yake ɗauka ba sai an shimfiɗa leda a kujera, ya cire takalmi, ya hau da ita cikin akwati, ya ɗaure tayoyin da bel, ya fito ta gefe yana matse ciki kada maɓallin rigarsa ya karci ƙofa.

Dokokin kamfani ba su da yawa, amma ba a yi su don ɗan Adam ba. Ba a ɗaukar fasinja. Ba a tsayawa inda ba a ce a tsaya ba, akwai wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari da ke kai gulmarsa ofis. Babbar cikinsu kuma, in da mota a akwati, ba a kwance shi daga a-kori-kura a hanya, ko sama za ta faɗo.

Inna ba ta taɓa daina yi masa tsiya a kan wannan ba.

“Ɗan goyon ƙarfe,” in ji ta in ya shigo. “Ka goya motar kowa a duniya, ni da na goya ka ko bakin titi ba ka taɓa kai ni ba.”

“To Inna, ki zama mota mana, in shimfiɗa miki leda.”

“Ja'iri. Wanke hannu ka zo ka ci abinci.”

Da zuciyarta ta fara ciwo, kwanciya ta gagare ta. In ta miƙe numfashi sai ya tokare. Likita ya ce a ɗaga wajen kan gado. Yaya ta tara filo, filo na zamewa, Inna ta farka tana laluben iska. Ran nan Ribas ya shigo da wani katako mai kauri a kafaɗa, baƙi ƙirin da man inji. Suka ɗaga gadon ƙarfen, ya zura shi ƙarƙashin ƙafafun wajen kai. Inna ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Katakon na kamfani ne, kuma yana da aikinsa. In za a kwance akwati, duk nauyin gabansa kan ƙafa ɗaya ta ƙarfe yake komawa, wato jak, sai a sa katakon a ƙarƙashinta don kada ta nitse a ƙasa. Ribas ya yi lissafinsa: a hanya ba ya kwancewa, a harabar kamfani kuwa siminti ne. Ya ce zai samo wani ya mayar. Bai samo ba. Wanda ke fita da duhu ya dawo da duhu, yaushe zai je wurin masu katako?

Ranar da abin ya faru tun safe ake ruwa. Yana ɗauke da wata farar mota mai ƙasa-ƙasa, wadda Manajan kamfanin ya ce fitilarta ɗaya ta fi Ribas daraja, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Hanyar ta biyo ta mahaɗar unguwarsu. Ya kusa wurin sai ga wayar Yaya.

“Kana ina?”

“Ina hanya. Lafiya?”

“Inna ce. Leɓenta ya yi baƙi, numfashin sama-sama. Ruwa ya cika layi har gwiwa, na kira masu tasi duk sun ce ba za su shigo ba. Motarka ce kaɗai mai tsayin da za ta wuce.”

“Yaya, da kaya nake. Akwatin ba zai shiga layinmu ba, ko ya shiga ba inda zan juya.”

“To ka ajiye shi.”

“Ba a ajiyewa.”

“Ribas,” ta ce, muryarta a sanyaye, “uwarka ce fa. Ni ba zan iya ɗaukarta a ka ba.”

Ya kira Manaja. Bai yi dogon bayani ba, Manaja ma bai ba shi dama ba.

“Allah ya ba ta lafiya. Ka kai kayan mutane tukuna, mai motar yana jira. In ka dawo sai ka je.”

“Ranka ya daɗe, kafin in dawo—”

“Kowa da uwa, Ribas. Ni ma ina da ita. Ina ganinka a nan, kada in ga ka tsaya.”

Ya tsaya. A bakin mahaɗar akwai fili gaban rumfar mai faci, abokinsa tun suna wankin mota. Ya ja akwatin da baya ya shigar da shi tsakanin rumfar da turken lantarki, a tafi ɗaya, ko gyara bai yi ba. Mai faci ya leƙo da buhu a ka.

“A'a, manyan ƙasa. Yau jirgin a ƙofata ya sauka? Buɗe mana mu ga amaryar.”

“Inna ce ba lafiya. Ka duba min shi, yanzu zan dawo.”

Ya sa weji a tayoyi don kada su gangara, ya cire sarƙoƙi da wayar fitilu, ya buɗe akwatin kayan aiki. Nan ya tsaya yana kallon gurbin katakon. Ya taka ƙasar da ƙafa, ta lotsa kamar kwaɓaɓɓen gari.

“Kana da katako mai kauri?”

“Katako a wurin mai faci? Sai dai bulo. Ga shi can, shi nake zama a kai.”

Ribas ya san bulo. Ya san yana da ƙarfi a bango, amma in aka ɗora masa nauyi a wuri ɗaya, ya kuma sha ruwa, garin siminti ne kawai. Ba jahilci ya sa shi ba, kada wani ya ce haka. Gaba kura ce baya sayaki, wayar kuma tana ta ƙara a aljihunsa. Ya jawo bulon, ya sauke jak a kai, ya murɗa har bakin akwatin ya rabu da ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar. Bulon ya yi ɗan ƙara, ya yi shiru.

Motar ta keta ruwan layin yana tsagewa gefe biyu. Ya tarar da Inna a jingine, ido a buɗe, ba ta da nauyin komai. Ya sungume ta kamar yarinya, Yaya na riƙe da lema, ya ɗora ta a kujerar gaba. Yaya ta shiga baya ta riƙe mata kafaɗu. Suna fita babban titi Inna ta ɗan juyo da kai, ta dubi rufin motocin da ke ƙasa da su.

“Ashe haka kake a sama,” ta ce da ƙyar. “Ina ledar?”

“Ke ba a shimfiɗa miki, Inna.”

“Yau dai ka biya goyo.”

Ya ci gaba da kallon hanya.

A asibiti aka sa mata iska, aka yi allura, leɓen ya dawo da ɗan launi. Sai likitan ya jawo su gefe ya ce zuciyar ta gaji, abin da ya rage shi ne a mayar da ita gida a riƙa ɗaga mata kai, a yi ta addu'a. Ko ɗazu aka kawo ta, ko jiya, maganar ɗaya ce. Ribas ya bar Yaya a can ya koma mahaɗa.

Tun daga nesa ya ga mutane sun taru. Akwatin ya durƙusa da baki a laka kamar raƙumin da aka sa ya guggurfana. Bulon ya zama tsaki, ƙafar jak ta nitse ta lanƙwashe. Mai faci ya tare shi, babu sauran wasa a fuskarsa.

“Wallahi ina tsaye na ji gim. Ba abin da zan iya.”

Manaja ya riga shi isowa, na'urar ta yi aikinta. An buɗe ƙofar gefe. Bel ɗaya ya saki da faɗuwar, farar motar ta zame gaba ta sumbaci bango, fitila ɗaya ta tsage. Manaja ya durƙusa da wandonsa mai guga yana shafa wurin da yatsa, kai ka ce goshin ɗansa ne ya fashe. Bai tambayi tsohuwar ba. Mutumin da ya ce shi ma yana da uwa, ko “ya jiki” bai iya haɗawa ba. Hannu kawai ya miƙa, Ribas ya sa masa makulli.

Masu irin wannan aiki ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Kafin Inna ta dawo gida labari ya zaga cewa Ribas yana yar da kaya a titi. Ba wanda ya ce shekara nawa ya yi bai karci fentin kowa ba. Inda ya je neman aiki sai a ce za a kira shi. Wani ma ya dubi gemunsa ya ce ai ya kamata ya huta.

Bayan 'yan kwanaki Manaja ya kira. Ribas ya fita tsakar gida da sauri, yana zaton ko an sassauta.

“Sabon direba ya duba kayan aiki, babu katakon jak. Yana wurinka?”

“Yana nan, ranka ya daɗe.”

“Kayan kamfani ne. A kawo shi.”

Yaya ta ce kada ya kai, su zo su ɗauka in sun isa, ta ga mai ƙarfin halin shigowa ɗakin. Ribas ya ce an riga an ce masa mai yar da kaya, ba zai bari a ƙara da ɓarawo ba. Ya fita ya dawo da bulo biyu daga wani kango. Yaya ta tallafe Inna, shi ya sa kafaɗa ya ɗaga gadon, ya zare katakon da ƙafa, ya tura bulo ƙarƙashin kowace ƙafa. Da ya sauke, na hagun ya yi ɗan ƙara, garin siminti ya zubo kan leda.

Inna ta buɗe ido.

“Ɗan goyon ƙarfe, yau ba aiki?”

“An ba ni hutu, Inna.”

“Madalla. Ashe suna da kirki.”

Ya ɗauki katakon a kafaɗa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi ƙafar gadon, sannan ya fita ya bi layin a ƙasa.