Malam Uwaisu da Kaset ɗin Inna Safara'u

Kullum da hantsi za ka tarar da Malam Uwaisu a zaurensa na Rijiyar Zaki, yana fito da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo daga kwali, yana goge su da tsumma, yana jera su a inuwa su sha iska. Maƙwabta na tsokanarsa wai ya fi kula da su a kan kajin gidansa. A watan nan ya yi ritaya daga jami'a, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da aikin jarida da haɗa finafinan tarihi. Ya fita bai zama farfesa ba, kuma na san dalili.

A shekarun matsi, lokacin da albashi ba ya kai tsakiyar wata, abokan aikinsa suka yi ta tsallakewa ƙasashen waje. Shi kuwa ya ɗaure kyamara a bayan babur ya shiga ƙauyukan Ungogo, yana zama gindin ɗorawa tsofaffi na ba shi labarin babban farin da ya ƙone gero a gona. A can ya haɗu da wata dattijuwa, Inna Safara'u. Ta ba shi labarin yadda ita da matan gidansu suka riƙa haƙa gidan tururuwa, su kwashe hatsin da ke ciki, su sheƙe, su dama wa yara kunu. Malama Furera, abokiyar aikinsa, ta ce ba ta iya kallon wurin nan a fim ɗin da ya haɗa ba ta yi ƙwalla ba. Masu wani taron finafinai a waje suka nemi aikin, ƙarin girma ya zo har bakin ƙofa.

Sai dai Malam yana da ƙa'ida: ba ya nuna wa jama'a fim ɗinsa sai mutanen da ke cikinsa sun fara gani. Ya kai talabijin da janareto firamaren ƙauyen bayan la'asar. Da aka zo kan Inna, 'ya'yanta maza suka sunkuyar da kai. Gidan da rumbunsa ya taɓa ƙarewa ba ya so a tuna masa gaban surukai.

"Malam," in ji Inna, "da kai na yi hira, ba da duniya ba. Ina da jikokin da za a zo neman aurensu."

Malama Furera ta ja shi gefe. "Ai ta yarda da bakinta kafin ka ɗauka."

"Ta yarda kafin ta gani," ya ce. "Yanzu ta gani."

Ya cire ta daga fim ɗin, ya miƙa mata kaset ɗin asali a hannunta. Abin da ya rage ya yi lami, masu taron suka janye, waɗanda ya koyar suka zo suka wuce shi a muƙami.

Malam, kai ne ka koya mana, mu ɗalibanka, cewa maganar talaka dukiyarsa ce, ko da kai ka ɗauka da kyamararka. Abin da ke ci min rai, duk tsawon shekarun nan ba a samu wanda ya ba aikinka ko da ɗakin ajiya guda ba.

Bara wata malamar makaranta, Zulaihatu, jikar Inna, ta yi sallama a zauren da kaset naɗe cikin zane. Inna ta rasu, a kwallar kayanta suka same shi. Gonakin ƙauyensu duk sun zama gidaje.

"Baba, mun yarda a nuna," ta ce. "Muna so 'ya'yanmu su san abin da ta yi muka rayu."

Ya saka kaset ɗin. Laima ta cinye shi, ba fuska, ba murya. Ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ce, "Nata ne. Ta tafi da abinta."

Mun gode, Malam, Allah Ya saka da alheri. Masu riƙe kyamara a yau, ku koyi komawa wurin mutane kafin ku nuna su. Ɗalibansa kuma, ku zo ku kwafe sauran muryoyin da ke kwalin nan. Damina ta kusa, kuma zauren yana yoyo.