Tafinta a gidan kallon ƙwallo

Ina da wata huɗu a Maiduguri aka yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa. Aikin koyarwa ne ya kawo ni daga Kano, iyali kuwa na bar su can sai na samu gidan da zai ɗauke mu. Ɗaki guda na kama a Abbaganaram, daga katifa sai risho. Maƙwabtana mutanen kirki ne, da Hausa muke gaisawa, amma da zarar hira ta yi daɗi sai ta koma Barbarci, ni kuwa in yi ta murmushi ban san abin da ake wa dariya ba.

Ranar muhawarar, mai gidan kallon ƙwallo na bakin layinmu ya rubuta da alli cewa yau babu wasa, 'yan takara za a nuna. Ba son siyasa ya kai ni ba, shirun ɗakin ne ya ishe ni. Da aka sallame magariba na je na samu gefen benci a can baya, kusa da ƙarar janareto.

Wani dattijo ya zauna kusa da ni, hular zannarsa duk ta koɗe. Da ya ga ina gyaɗa kai, sai ya tambaye ni da Hausarsa mai nauyi ko ina jin Turanci. Na ce ina ji. Ya matso har kafaɗarmu ta haɗu. Tun da na zo garin babu wanda ya buƙace ni sai ran nan.

Na shiga fassara masa a kunne. Wannan ya ce zai gyara wuta, wancan ya ce matasa za su samu aiki. Da aka tafi talla ya ba ni labarinsa. Ƙauyensu na gaba da Khaddamari, manomi ne na gero da wake. Rikici ya taso su, yanzu yana zaune gidan ɗan ƙaninsa. Babban ɗansa ya koma ɗebo waken da suka bari a gona, har yau bai dawo ba.

Da aka zo batun tsaro kowa ya kasa kunne. Kowane ɗan takara ya yi magana mai tsawo, samarin gaba suna tafi, wasu suna tsaki. Dattijon ya riƙe mini hannu.

"Malam, sun faɗi ranar da za mu koma gona?"

Na so in ce masa eh. Ƙarya ce ƙarama, ba kuma wanda zai kama ni. Amma yadda ya zuba mini ido ya sa na kasa.

"Baba, sun ce za a samu zaman lafiya. Ba su yi maganar gona ba."

Ya mayar da idonsa kan talabijin ɗin. Daga nan ya saki hannuna, ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ce bari ya je kada isha'i ta wuce shi. Ya fita ana tsakiyar tafi.

Na zauna har aka gama, ban ƙara fahimtar komai ba. A waje mutane suka yi cirko-cirko suna gardamar wanda ya yi nasara, na ratsa ta cikinsu na wuce. A hanya na kira mai ɗakina don in ba ta labari. Ta ce su ba wuta, ba su kalla ba, ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci, alhali ban ci ba.

Asabar uku a jere na koma gidan kallon, ni da ban damu da ƙwallo ba. A ta ukun na kwatanta wa mai gidan kallon kamannin dattijon. Ya yi tunani, ya ce irinsu suna da yawa a unguwar, bai gane wanda nake nufi ba.