Kawu Dakata, Mai Tsaron Ƙofar Shagunanmu

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, a asibiti, bayan jinyar ciwon zuciya ta kwana goma sha ɗaya. Ina cikin jera takalma a kwali aka kira ni aka faɗa min. Na zauna a kan kwalin ban ma san na zauna ba.

Kawu, a ofishinmu babu wanda yake kiranka da wani suna sai Kawu Dakata. Mu huɗu ne muka haɗu muka kama ɗaki ɗaya a hawa na biyu, kowa da shagonsa na intanet: ni takalma, sai mai turare, da mai agoguna, da mai kayan waya. Kai kuwa shekara ashirin da shida ka yi a sashen katin banki, kuma da ka yi ritaya zaman gida ya gagare ka. Muka ajiye maka tebur kusa da taga. Duk odar da aka biya da kati sai ta bi ta gabanka kafin kaya su fita, kuma in ranka bai kwanta da ita ba, kalma ɗaya ce a bakinka: dakata.

Wanda bai san wannan sana'a ba zai ɗauka da kuɗi ya shigo an gama ciniki. Ina! Ɓarawo zai sayi kaya da lambar katin wani, ka aika masa, bayan mako biyu ko uku mai katin ya ga abin da bai saya ba ya kai kuka bankinsa, a janye kuɗin daga hannunka. Ka tashi ba kaya ba kuɗi. In hakan ya yawaita, kamfanin da yake karɓar maka kuɗin kati ya rufe maka hanya, shago ya mutu a tsaye. Wannan ƙofar ka tsare mana shekara huɗu.

Kai ka koya mana duba abin da ido yake tsallakewa. Adireshin mai kati a wani gari, wurin kai kaya a wani garin daban. Mai saye ɗaya ya gwada kati shida cikin minti uku. Imel ɗin da aka buɗe jiya, da mutumin da bai damu da tsada ba muddin kaya za su iso yau. In ka ga haka sai ka ture tabarau zuwa goshi, ka ɗauki waya ka kira mai sayen, ka gaishe shi a tsanake kamar kun daɗe da sanin juna, sannan ka tambaye shi wane launi ya zaɓa. Mai gaskiya yakan amsa nan take, wani ma ya ƙara da labarin wanda zai saya wa. Ɓarawo kuwa ba ya tuna launi, kashe waya yake yi.

Ba mu kaɗai kake tsarewa ba. Ina tuna wata tsohuwar malamar makaranta da aka yi amfani da katinta a shagon mai agoguna. Da ka soke odar ai aikinka ya ƙare, amma ka bi har ka samo lambarta, ka zauna da ita a waya kusan awa guda kana nuna mata yadda za ta sa banki ya rufe katin. Mai agoguna yana ta yi maka tsiya wai ka samu budurwa, kana dariya kana yi masa alama da hannu ya yi shiru. Haka kuma ranar da kwamfuta ta ƙi karɓar odar wani direban babbar mota, don yana saya wa 'yarsa takalmin makaranta daga garin da ba nasa ba, kai ka kira shi ka saurare shi, ka ce a aika.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba. Wata uku kafin rasuwarka, oda ta shigo min ta takalma ƙafa arba'in, wai na ma'aikatan wani otal. Tunda na buɗe shago ban taɓa ganin irinta ba. Ka duba, ka kira lambar sau biyu ba a ɗauka ba, ka ce:

"Dakata, 'yata. Ba mu kwana ɗaya kawai."

Kwaɗayi ya rufe min ido. A gaban abokan sana'ata duka na ɗaga murya na ce:

"Kawu, zamani ya wuce ka. Wannan tsoron naka shi yake kore min masu saye."

Ka sauke tabarau ka ci gaba da duban kwamfutarka. Da ka fita salla na amince da odar da hannuna, kafin la'asar kaya sun bar ofis.

Kwana goma sha tara bayan nan mai katin ya kai ƙara. Aka janye kuɗin, takalma suka tafi, kamfanin ya aiko min da gargaɗin ƙarshe. Na yi ta jira ka ce ai ka faɗa min, ko da zan samu abin jin haushi in rufe kunyata da shi. Ba ka ce ba. Ka jawo kujerarka kusa da tawa, kwana biyu kana tattara takardu kana rubuta musu amsa, har suka bar min hanyata a buɗe. Na ce na gode. Ban ce ka yafe min ba. Kullum sai in ce gobe, in mun keɓe.

Sau biyu na zo asibiti da niyyar faɗa. Zuwan farko ɗakin cike yake da 'yan dubiya, kai kuma tambayata kake yi ko ana kiran masu saye kafin a aika kaya. Zuwa na biyu an sa maka robar numfashi, idanunka a rufe, na tsaya a bakin gado na kasa buɗe baki.

Bayan an watse daga zaman makoki na samu Anti, matarka, ita kaɗai a falo. Na tambaye ta ko ka taɓa yi mata maganar abin da ya faru tsakaninmu. Ina fata ta ce ka manta, ko ka yi dariyar abin. Ta dube ni ta ce:

"Bai taɓa faɗa min komai ba. Na dai tuna wata rana ya dawo daga ofis bai ci abinci ba. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce."

Na san ranar, Kawu. Wannan magana tana ci min zuciya, kuma ban ga ranar da za ta daina ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya sa haƙurin da ka yi da mu, da dukiyar bayinSa da ka tsare ba tare da sun san ka ba, su zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yanka uku, da mahaifiyata wadda ta rasa ƙaninta ɗaya tilo, da abokan sana'ata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

A gaban mutane na ɓata maka, don haka a gaban mutane nake roƙo, duk da na san na makara. Kawu, ka yafe min.