Tukunya Ɗaya ta Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata wadda muke ciki ɗaya, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Ina shago ina auna katako matata ta kira ni. Ta kasa faɗa, sai cewa ta yi, "Baban yara, ajiye aikin nan ka zo." An yi mata sutura bayan la'asar.

Ni kafinta ne, ba marubuci ba. Ina gama sakandare na shiga sana'a da zarto ɗaya da gudumar aro. Yau ina da shagona, akwai masu cin abinci a ƙarƙashina, kuma ba wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya tsayar da ni. Amma akwai abu ɗaya da hannuna bai yi mini ba, Yaya ce ta yi, kuma ina so a san shi.

Yaya, tun rasuwar mahaifiyarmu ke kika zama uwa a gidanmu, alhali ke ma ba ki gama girma ba. A hannunki na fara ganin yadda ake rufa asirin gida da abu kaɗan. Ba a taɓa jin kin ce babu ba. Sai dai ki ce, "Ku ba ni ɗan lokaci," ki shiga kicin, a ji ƙamshin albasa ya tashi. Da kika yi aure ma ba ki sake hali ba. Wadda ta haihu a layinku, da wanda aka sallamo daga asibiti, da ɗan hayan da ba shi da mai dafa masa, duk sun san kwanonki mai murfi.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shekarar da na faɗi a shago. Jini ne ya hau. Hannuna na hagu ya saki, bakina ya karkace. Likita bai ɓoye mini ba: in rage gishiri, in rage mai da soye-soye, domin idan cutar ta sake dawowa ba lallai in tashi ba. Shago yana rufe, ɗan abin da aka tara magani ya cinye shi, yara kuma duk suna makaranta.

Matata, Allah Ya saka mata, ta fara dafa mini nawa daban a wata ƙaramar tukunya. Fari fat, ba gishiri, ba mai. Yara na tsakar gida suna cin nasu, ƙamshi na shigo mini ɗaki. Na ture kwanon. Na ce ni na sayi tukwanen gidan nan, ba za a ware ni kamar mai cutar da ake ɗauka ba. Ko a zuba mini na kowa, ko in zauna haka. Na kuwa zauna. Maganin ma ba a shan sa sai da abinci a ciki. Matata ce ta kira ki tana kuka.

Kika zo da jakarki, kika wuce kicin ko zama ba ki yi ba. Kika buɗe ƙaramar tukunyar, kika ɗanɗana, kika yamutsa fuska.

"Haba amaryarmu, wannan ko akuya aka ba sai ta yi fushi. Auta yana da gaskiya."

Tun da na kwanta ba wanda ya ce ina da gaskiya sai ke.

"Daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan," kika ce. "Abin da yara suka ci shi ubansu zai ci. Gawayin ma ya huta."

Kika wanke ƙaramar tukunyar kika kife ta a saman kabad. Ni kuwa na gyara kwanciya, na ce a raina na yi nasara.

Kin zauna da mu har na miƙe. Ba kya zuwa kasuwa sai yamma ta yi, lokacin da masu ganye da tumatir ke neman tashi, ki dawo da kwando cike da kayan da suka sha rana amma ba su lalace ba. Wanda ya yi yawa ki yanka ki shanya a kan rufi. Kika sa aka kwaso guntayen katako daga shagona, aka haɗa akwatuna a bayan kicin, kika shuka alayyafo da albasa. Mai kuwa da murfin kwalba kike auna shi, wai tsada ce ta sa. Kifi ki gasa, ƙashi ki dafa shi har ya ba da duk abin da ke cikinsa. Wake ya zama ɗan gida.

Babban ɗana ya taɓa leƙa kwano ya ce, "Gwaggo, yau ma wake?"

Kika ce, "Wa ya gaya maka? Jiya wake da kabewa kuka ci. Yau kabewa ce da wake."

Ni ma na taɓa tambaya ko nama ya ɓata hanyar gidanmu ne. Kika ce yana kasuwa yana jiran in koma shago. Amma gaskiya ita ce abincin yana da daɗi, ga citta, ga tafarnuwa, ga ɗan tsamin lemo, har ƙari nake nema.

Hannu ya dawo, na koma bakin aiki, kika koma ɗakinki. Da likita ya ga jinin ya sauka ya tambaye ni me na canza. Na ce magani dai ina sha, amma abinci na gida nake ci kamar kowa, ƙarfin jiki ne irin na masu aikin hannu. Haka na riƙa faɗa wa abokaina a shago shekara da shekaru.

A kwanakin zaman makokinki maƙwabta suka yi ta kawo abinci, Allah Ya biya su. Aka zuba mini shinkafa da miya. Loma ɗaya na kai, gishiri ya cika mini baki. Na duba, mutane suna ta ci suna yabawa. Sai ƙaramar 'yata ta matso ta raɗa mini, "Baba, wannan gishiri ne aka sa wa shinkafa." Uwarta ta harare ta, sannan ta yafito ni kicin.

Ta ce, "Abincin mutane ba shi da laifi, Baban yara. Haka muke dafawa a da."

A nan ta gaya mini. Ashe tun ranar da kika kife ƙaramar tukunya kike rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, kina cike gurbin da kayan ƙamshi, har harshen gidan gaba ɗaya ya saba ba wanda ya lura. Da za ki tafi kika nuna mata ma'aunin, kika sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Kika ce mata, "Idan ya sani zai ce an rage masa. Ki bar shi da nasararsa, mu dai mu samu ya rayu."

Na daɗe tsaye a kicin ɗin nan, Yaya. Gida guda, har da yaran da lafiyarsu ƙalau, sun yi shekaru suna cin abincin majinyaci saboda ni, kowa yana suɗe kwano. Na ce wa matata ta ci gaba da zuba gishirin yadda kika nuna mata. Ban tambaye ta yawansa ba, ba kuma zan tambaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, dattijon kirki da kuka yi zaman mutunci, da 'ya'yanki da jikokinki, da matan layinku da suka cika gida da kuka. Ga 'ya'yanki musamman: ƙofar kawunku a buɗe take, ku shigo ba sai an kira ku ba.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk lomar da kika ciyar ta yi nauyi a mizaninki. Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya haɗa ki da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.