Kalilu Tela da Wando Mai Faɗin Hantsa

Tun ina da ƙarfina Kalilu tela yake taka keke a rumfar da ke jikin tawa, a kasuwar ƙauyenmu da ke gabas da Sandamu. Ni gishiri da kanwa nake sayarwa, saboda haka ina da lokacin sa ido, kuma ina yi. Shi kuwa ba mai surutu ba ne. In ka tambaye shi labarin gari sai ya ce maka allurarsa ta karye.

Ɗinkinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Aljihu ya karkace, wuyan riga sai a hankali. Amma dattawa daga ƙauyukan Baure da Dutsi sukan wuce teloli barkatai su kawo masa yadi. Wando yake yi musu mai faɗin hantsa, wanda in aka ɗora babbar riga a kai ba mai gane mutum yana ɗauke da gwaiwa, kumburin marainan nan da ke hana namiji tafiyar kirki. Mu a lokacin ba mu san haka ba, mun ɗauka yayin tsofaffi ne. Har tsokanarsa muke yi, mu ce yana ɗinka wa mutane buhun gero. Shi ma irinsa yake sawa, sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Bai taɓa tambayar kowa lalurarsa ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa masa. Mutum ya ajiye yadi ya ce, "Irin na bara," shi ke nan. Kalilu ya dubi takunsa ya san ko sai an ƙara faɗi. Cikin masu zuwa har da Badaru dillalin awaki, amininsa tun suna kiwo tare.

Shekaru da dama bayan an ƙaddamar da Shari'a, wani ma'aikacin lafiya mai suna Muhsin ya zo da gidajen sauro da maganin da ake sha sau ɗaya a shekara. A ƙofar gidan dagaci ya yi mana bayani cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar cutar daga jinin mai ita ya kai wa wani, ita ce ke kawo tundurmi a ƙafa, ita ce ke kawo gwaiwa. Mu da muka tashi muna jin gado ce! Ya ce ana yin aikin gwaiwa a asibiti a Daura, mai bukata ya same shi. Ba wanda ya motsa. Gidan sauro kowa ya karɓa, amma magani maza suka ƙi, don an fara raɗe-raɗin duk wanda ya haɗiya ya amsa yana da ita.

Da Muhsin ya gaji da jira sai ya zo rumfar Kalilu, ina ji.

"Baba, an ce ba wanda ya kai ka sanin mazan yankin nan. Ka nuna mini waɗanda zan yi wa magana a asirce."

"Ɗana, yadi aka ba ni, ba a ba ni izinin magana ba."

Muhsin ya juya zai tafi, Kalilu ya tsayar da keke ya ce, "Yaran da ke kwana gida ɗaya da mai ita fa?"

"In sauro ya cije shi ya cije su, Baba, ba su tsira ba. Sai in kowa ya sha maganin."

Jikoki ne cike da gidan Kalilu, ga kududdufi a bayan katangarsa. Ranar ko hannun riga ɗaya bai gama ba.

Ana gab da damina rumfarsa ta rufe. Matarsa Haulatu ta ce wa masu cigiya Malam ya yi tafiya. Ranar da ya dawo, ranar kasuwa ce, muka gan shi ya shigo da tsukakken wando yana tafiya sambal kamar saurayi. Ya wuce wurin Muhsin ya karɓi magani ya haɗiye a gaban kowa, ya ce, "Ni Kalilu na yi fama da gwaiwa. An yi mini aiki, ga ni."

A tunaninsa asirin kansa kaɗai ya tona. Ya manta 'yan kasuwa ba wawaye ba ne. Ido ya tashi daga sabon wandonsa ya sauka kan duk wanda ke sanye da irin tsohon. Kafin la'asar ba dattijon da ba a gane ba. Wallahi na ji tausayinsu, wasu ko cinikinsu ba su ƙarasa ba suka sulale.

Badaru ya zo ya tsaya a bakin rumfa, bai yi sallama ba.

"Kalilu, haka ake riƙon amana?"

"Badaru, ban kira sunan kowa ba."

"Ai gara da ka kira suna, da mutum ɗaya ka tona."

Daga baya wasu sun lallaɓa Daura an yi musu aiki. Maza suka fara shan magani ba kunya, samari suka cike ramukan da ruwa ke kwanciya a bayan gari. Tsofaffin masu kawo wa Kalilu ɗinki kuwa suka watse, yanzu facin gidan sauro ne ya fi yawa a kekensa. Badaru bai je asibiti ba, bai kuma sake taka kasuwa ba, ɗansa yake turowa da awaki. Duk gaisuwar da Kalilu ya aika, ba amsa.

Daminar bara Badaru ya rasu. Wani tela aka kai wa likkafaninsa. Kalilu ya tsaya a sahun ƙarshe aka yi salla.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na kasa haƙuri, na tambaye shi ko yana nadama.

"Jikokina lafiyarsu ƙalau, wannan ba na nadamarsa," in ji shi. "Amma da na biya gidan Badaru na faɗa masa kafin in shiga kasuwa ranar nan. A kan hanyata gidan yake."