Kashe-Fitila da Hoto Mai Yashi

Babanmu mai hoto ne, kuma irin mutanen nan ne da in suka ce a'a, ko kwana za ka yi kana lallashi a'a ɗin ce. 'Yan layin shagonsu Kashe-Fitila suke ce masa. Duk kyamarar da ta shigo hannunsa, sabuwa ko ta hannu, ba ruwansa da yabon da aka rubuta a jikin kwali. Ya ce kowace kyamara jaruma ce da rana tsaka, a ɗaki mai duhu ake sanin halinta.

Akwai wata lamba a kyamara, ISO. In ka ɗaga ta, kyamara ta ƙara gani a duhu da saurin kamawa, amma hoton ya fito ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. In ka sauke ta, hoto ya fito tas, sai dai dole wanda ake ɗauka ya daskare, motsi kaɗan ya ɓata aikin. To Baba sai ya dawo gida da yamma, ya kashe fitilar falo, ya saki rabin labule, ya kira Mama ta zauna a kujerar bakin taga. Daga ɗari yake farawa, yana ninkawa har lambar ta ƙure. Washegari ya jera hotunan a kwamfutar shago, ya zuƙo kumatunta da inuwar haɓarta, yana neman inda yashi ya soma.

Mama kuwa ba ta taɓa zama a kujerar nan bakinta shiru ba. Ta ce tukunya na kan wuta. Ta ce ashe auro ta aka yi a madadin bango. Ta ce matan mutane ana haska su da fitilu uku a shago, ita sai an kashe wuta kamar ɓarauniya. Amma kullum sai ta zauna. A hoton farko za ka gan ta ƙiƙam, baki a tsuke. Zuwa tsakiya harara ta fara. Kafin na ƙarshe haƙuri ya ƙare, ta juyo za ta wanke shi tas, shi kuma ya jefa mata wata tsokana, dariya ta ƙwace mata. Ƙyas, ya kama.

Da Mama ta rasu, irin wannan na ƙarshen ya wanke, babba, ya sa a firam. Yashi kam ba a magana, har bangon bayanta ya yi ja-ja da kore-kore. Ni dai ban taɓa kallonsa ban ji muryarta ba.

Bara idonsa ya yi rauni, ya rufe shago. Yaya, babban wanmu, ya ce ya dawo gidansa da zama. Yaya ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma abin da mutane za su ce ya fi cin abinci damunsa. Falonsa fari fat, tayil sai sheƙi. Ya ce Baba ya zo da komai ban da hoton nan, abin kunya ne baƙi su ga haka a gidan ɗan mai hoto, sai ka ce ta rariya aka ɗauka. Ya ce ai ga na lamba ɗari, tsaf da shi. Baba ya ce a wancan numfashinta ta riƙe, shi kuma ba zai rataya matarsa tana riƙe da numfashi ba. Haushi ya kama ni, na sa baki, Yaya ya ce in yi shiru manya na magana. Na ce manyan ne yau suke abin yara.

Ashe Yaya bai haƙura ba. A ɓoye ya kai kwafin hoton aka goge yashin da kwamfuta, aka yi masa firam mai ruwan gwal, wai zai ba Baba mamaki.

Ranar tashi muka iso ƙofar gidan da hantsi. Aka sauke katifa, aka sauke akwatuna, Baba na zaune a mota da hoton Mama a cinya, ya rungume shi. Ya ce ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba sai an nuna masa ƙusa a bango, in babu a mayar da shi, ko a shagon da ya rufe zai kwana. Matar Yaya ta fito ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ya sa mata albarka, bai motsa ba. Maƙwabta suka fara leƙe, abin da Yaya ya fi tsoro kenan. Ya shiga da sauri ya ɗauko nasa, ya miƙo ta tagar mota yana murmushi.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Fuskar ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Layukan gefen ido sun tafi tare da yashin.

"Ina tabon girarta?" in ji shi.

Yaya ya leƙa. Babu. Tabon nan kuwa shi ya yi mata da kofin silba yana ƙarami, ranar da ta hana shi bin Baba shago. Har ya yi aure tana nuna masa tana cewa ga sa hannun ɗanta na fari.

Baba ya miƙa masa firam ɗin a hankali. "Wannan ta fi uwarku kyau, ba musu. Sai dai ni ban taɓa aurenta ba."

Yaya ya amshi firam ɗin. Ya jingine mai ruwan gwal ɗin jikin taya, ya karɓi na cinyar Baba, ya tsura masa ido har idonsa ya kawo ruwa. Tabon na nan a cikin yashin, ƙarami, a karkace. Ya shiga ciki, ya fito da guduma, ya tambayi Baba a ina yake so a kafa.

Sai a lokacin Baba ya buɗe ƙofar mota ya sauko da ƙafa ɗaya.

"Bakin taga," ya ce. "Kuma a kashe mini fitilar falon nan."