Baba Yahaya Mai Ragama da Dawakin da Ba Mai So

Kafin masu zuwa aiki Abuja su gama cika motocin safe, Baba Yahaya ya riga ya shimfiɗa buhu a ƙofar gidansa da ke unguwar Hashimi a Suleja, ya maƙale rama a babban yatsan ƙafa, yana tufka. Ragama yake yi, igiyar nan da ake sa wa doki a kai don a ja shi. Idan yana tufka ba ya doguwar gaisuwa. Ka ce ina kwana, ya ce lafiya, idonsa na kan igiya. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka ta sayarwa ce, alhali ko ɗaya bai taɓa sayarwa ba.

Ranar kasuwa sai ya rataya ragamomin a wuya, ya ɗauki wuƙar gyaran kofato da tsohon buroshi, ya nufi filin bayan kara, kasuwar dabbobi, inda ake gwanjon dawaki. Kada mai karatu ya zaci ingarmu ake kaiwa can. Dawaki ne da suka gaji, masu su ma suka gaji da su. Akwai wanda ya tsufa yana ɗaukar yara ana yi musu hoto a wuraren shaƙatawa na Abuja. Akwai wanda attajiri ya saya don gayu, sannan ya ji yadda harawa da dusa ke cin aljihu. Na ga ranar da aka sallama goɗiya a farashin da bai kai na ragon layya ba, mai ita kuma har godiya yake yi don an raba shi da ita.

Filin nan yana da tasa al'adar. Dokin da ke tsaye da ragama a kai na hawa ne, mai saye zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a zagaya da shi. Wanda aka zare wa ragama aka bar shi da igiya a wuya kuwa, an gama da shi. Cinyarsa kawai ake dubawa, a loda shi a motar da ke kai su wajen mahauta. Da yawa daga masu dawakin tun a bakin fili suke zare ragamarsu su cusa a aljihu, don kada su yi asara biyu.

Nan aikin Baba Yahaya yake. Yakan bi waɗannan tsirarun kawuna ɗaya bayan ɗaya, ya goge jiki, ya gyara kofato, ya ɗaura ragamarsa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Abincinsa daga gidajen da ke kiransa gyaran kofato yake fitowa. Dillalai kan yi masa tsiya, su ce ga mai yi wa gawa kwalliya ya iso. Amsarsa ba ta canzawa: "Bai mutu ba tukuna. A dube shi ko sau ɗaya ne."

Kuma ana dubawa. Titi, wadda ke sayar da shinkafa a gefen filin tun tana goyon ɗanta na fari, ta ce mini, "Ni da idona na ga dokin da aka riga aka kai bakin mota, Baba ya sa masa ragama, wani mutumin Tafa ya saya. Har yau yana nan yana kai shi gona." Waɗanda ba su tsira ba kuwa, shi ke hawa da su kan katakon mota da hannunsa, yana yi musu magana a kunne, don kada yaran mota su sa bulala.

Kai ne, Baba, mai tsayawa inda kowa ya juya baya. Kai ne fuska ta ƙarshe da dawakin nan ke gani wadda ba ta lissafin nama. Na san kuma gidan da kake komawa bayan kasuwa ta watse. Tun da Allah ya karɓi matarka Hadiza, wadda ke jiƙa maka rama tana yi maka mitar warin doki, ba mai cewa sannu da zuwa. 'Ya'ya sun watse neman abinci, sai waya jefi-jefi. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A damanar da ta wuce gwiwa ta ƙi, durƙuson gyaran kofato ya gagara, Baba ya ce kasuwa mai zuwa ita ce tasa ta ƙarshe. A ranar aka kawo wani tsohon kili, farin doki da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa daga nesa. Baba ya wanke shi, ya sa masa ragama. Wani manomi daga garin Gawu Babangida, Malam Usmanu, ya zagaya shi ya yaba, har ciniki ya kusa faɗawa. Sai Baba ya ce, "Malam, zagayo ta hagu, ka ɗaga hannu." Ya ɗaga, doki bai ko ƙifta ba. Idon hagun ya daɗe da mutuwa.

Dillali ya kama kai. "Haba Baba! Kai ka gyara, kai ka ɓata?"

"Gyara na yi, ban yi alkawarin ƙarya ba."

Malam Usmanu ya yi godiya ya wuce. Ba wanda ya sake tayawa sai Sylvester, mai motar da ke kwasar dawaki zuwa mahauta, wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan hanya. Aka sallama masa a araha. Baba ya ja kili zuwa katako kamar kullum, amma da suka isa sai dokin ya tsaya, ya kifa goshinsa a ƙirjin tsohon. Baba bai ja ba, bai kuma saki ba. Titi ta ce ita dai juya baya ta yi ta hau goge kwanon da ta riga ta goge.

Sylvester ya sauko, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin kili da yatsa. "Baba, wannan ƙashi ne zalla. Wuri kawai zai cinye mini a mota. Abeg, don Allah ka riƙe mini shi a gidanka, in ya yi ƙiba zan zo in ɗauka."

Haka mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin dawakin mutane ya kafa turke a gidansa karo na farko, dokin ma ba nasa ba. Yana yanko masa ciyawa da gwiwar da ta ƙi, yana raba kuɗin cefanensa da mai dusa. Na ce masa, "Baba, ka san fa in ya yi ƙiba tafiya za a yi da shi." Ya dube ni kamar na zage shi. "To in bar shi da yunwa?"

Kili ya murmure, ciki ya fito kamar tulu. Ranar da motar Sylvester ta tsaya a bakin layi, Baba ya kasa tashi daga kan buhunsa. Sylvester ya zagaya dokin, ya shafa gadon bayan da ya cika, ya girgiza kai. "Har yanzu ƙashi ne, Baba. Sai na sake zagayowa." Ya zagayo bayan nan ba sau ɗaya ba, kuma maganar ba ta canza ba.

Mun gode, Baba Yahaya. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya jiƙan Hadiza, ya sa kili ya daɗe yana ƙashi a idon Sylvester.

Sauran magana tamu ce, mutanen Suleja. Na leƙa filin gwanjo kasuwar da ta wuce, na ga dawaki jere da igiya a wuya, ba mai ko kallon haƙoransu. Baba bai daina tufka ba. Ya ce duk mai so ya zo ya karɓa kyauta, zai nuna masa yadda ake ɗaurawa. Ragamomin suna nan rataye a ƙusa a zaurensa, kuma har jiya ba wanda ya je.